Bijimin Inna a Kan Amalanke

Ƙauyenmu yana da mayanka a da. In na faɗi haka yanzu yaran gidanmu dariya suke yi, don abin da suka tarar shi ne wani tsagaggen daɓen siminti a bayan kasuwa, ƙarƙashin tsamiya, inda awaki ke kwanciya da rana. Amma ni na san wurin yana aiki. Faɗinsa bai wuce na ɗaki biyu ba, da rariya a tsakiya mai kai jini cikin kwatami, da rijiya a gefe, da wani ƙarfe da aka kafa ana ɗaure ƙahon sa. Ungulaye kan jeru a kan tsamiyar tun kafin mahauta su iso. Wari kuwa ba a magana. Duk wanda ya ce maka yana kewar warin mayanka ƙarya yake yi, ni ma ba warin nake kewa ba.

Mu mutanen fadama ne, tsakanin Azare da Katagum, mun fi kusa da Katagum. Babu mai garke a cikinmu in ka cire Fulanin da ke gefen gari. Wannan yana da akuya uku, wancan tunkiya biyu, mai ƙarfi a cikinmu shi ne mai shanun huɗa ko sa ɗaya a turke. Irin wannan dukiya ba ta jure hasara, in guda ta tafi gidan ne ya girgiza. To a lokacin da mayanka ke aiki, in akuyarka ta karye, ko sanka ya faɗa rami, ko cikinsa ya kumbura, aike ɗaya za ka yi. Kafin ka gama salati mahauta sun zo sun ja dabbar zuwa daɓe, mai yanka ya sa wuƙa, kafin azahar nama yana kan faranti ana zagaya gari da shi. Za ka yi hasara, amma ba za ka tashi hannu wofi ba.

Mai yankan namu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Malam. Yana da wata ƙa'ida da ba ya sassautawa ko ga hakimi. Lafiyayyar dabba shi kaɗai yake yankawa, amma wadda ta jigata har aka fid da rai da ita, sai ya tsayar da mutum biyu, ɗaya wajen kai, ɗaya wajen wutsiya. Dalili shi ne irin wannan dabba ba ta halatta sai an ga alamar wuƙa ta same ta da rai: ko jini ya yi tsartuwa, ko ta yi motsi mai ƙarfi, ta shura ƙafa ko ta kaɗa wutsiya. In ba a ga ko ɗaya ba mushe ce, sai a ja ta bayan gari a binne. Na sha jin mutane suna gunaguni, suna cewa tsohon nan ya cika tsanani. Ni ma na taɓa faɗa, da ilimina na boko da ɗan na allo.

Ba wanda ya rufe mayankar nan da takarda. Shekarun da babura suka yi araha ne suka cinye ta. Samarin mahauta suka ga ya fi musu sauƙi su hau babur da sassafe zuwa Katagum, wasu har kwatar Azare, su ɗauro cinya ɗaya da kayan ciki a cikin daro, da su kayar da sa guda su kwana da fargabar ko zai ƙare. Sarkin fawarmu ya rasu ba a naɗa wani ba. Baba Malam ya koma Katagum wajen ɗansa, ya ci gaba da yanka a can. Rijiyar ta rufta, ungulayen ma suka daina zuwa, har yau ban san inda suka tafi ba. Mu kuwa ko a jikinmu, tunda nama bai yanke a kasuwa ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Azare. Ranar Juma'a da yamma nake zuwa gida, in koma Lahadi. Ina da wayar hannu, irin ta farkon nan mai nauyi, wadda in na iso ƙauyenmu sai ta koma agogo.

Mahaifiyata, Inna, tana da bijimi. Da tumakinta ta yi musanyensa yana ɗan maraƙi, a wajen Baffa, wani Bafulatani maƙwabcinmu, abokin marigayi mahaifina. Shekara uku tana ɗawainiyarsa. Ita ke tara masa ƙasari daga gidajen maƙwabta, ita ke jiƙa masa dusa da kanwa, ita ke killace harawa a kan rumfa tana ba shi da awo kamar mai raba magani. Fari ne tas, mai baƙin kunne, tozonsa har ya kwanta gefe don ƙiba. Da Fulatanci take yi masa magana, mu 'ya'yanta kuwa da Hausa take yi mana faɗa, har nakan ce mata mun san wanda ya fi mu fada a gidan nan. Kuma kowa ya san abin da take tara shi dominsa. Ɗakinta soron ƙasa ne da ya gaji, a daminar da ta wuce wani sashe na rufin ya rufto kan gadonta lokacin tana bakin rijiya. Tun daga ranar ta ce ba za ta sake damina a ƙarƙashin ƙasa ba sai wadda za a rufe ta da ita. Rufin kwano take so. Mun gama shawara, mako mai zuwa za a kora bijimin zuwa kasuwar shanu ta Azare.

Ranar Asabar ce, bayan an yi ruwan fari da kwana kaɗan. Da sassafe ya tsinke igiya ya shiga gonar bayan gida, inda gyauron dawa ya tsiro shar. Kowane makiyayi ya san abin da ɗanyen gyauro ke yi wa saniya. Kafin a lura a koro shi ya cika cikinsa. Da hantsi gefensa na hagu ya tashi kamar an hura salka, yana tsaye ya ware ƙafafu, yana numfashi da baki, kumfa na zuba. Muka ɗura masa man gyaɗa da kwalba, muka ba shi ruwan kanwa, muka sa masa kara a baki ko zai yi gyatsa. Baffa ya zagaya shi sau biyu, ya buga cikin da tafin hannu, ya saurara, sannan ya jawo ni gefe.

Ya ce, "Malam, a sa masa wuƙa yanzu, tun yana tsaye."

Na ce, "A sa masa wuƙa, wa zai feɗe? Wa zai saya?"

"A yi watanda."

"Da me, Baffa? Rumbuna sun ƙare, kowa abin da ke hannunsa ya sayi iri. Ka ga zafin nan, kafin gobe naman ya yi wari. Wahalar shekara uku za mu raba wa mutane kyauta?"

Ya roƙe ni da Fulatancinsa, ya ce, "Useni, Malam, ka ji maganata. Bijimin nan ba zai kai Katagum ba."

Ina da saurin fushi, wannan ba sai an gaya mini ba. Na ɗaga masa murya a gaban mutane, dattijon da ya goya ni. Na ce tafiyar awa biyu ce a amalanke, sa mai ƙarfi irin wannan ba zai mutu a awa biyu ba, kuma in ya isa mayanka da rai mahauta za su saye shi da daraja. A gaskiya lissafina ba na wauta ba ne gaba ɗaya. Da mayankarmu tana aiki da babu ma gardamar, taku ɗari biyu ne daga turkensa zuwa daɓen. Akori-kura kuwa ba ta shigowa garinmu sai ranar kasuwa. Na juya wajen Inna, tana tsaye a ƙofar ɗakinta ta riƙe bakin zane. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, tun da na fara koyarwa ta samu abin kirana.

Ta ce, "Malam, abin da ka gani."

Muka kawo amalanken Baffa, muka kwance shanun, muka karkata bayanta ƙasa. Maza takwas ne suka taru, wasu na ja wasu na turawa, har muka hau da shi muka kwantar, muka ɗaure ƙafafunsa da jikin katako. Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙa na naɗe a tsumma, don ko da tsautsayi. Baffa ya ɗaura wa shanunsa karkiya ya kama igiya ya shige gaba. Ni na zauna a kan amalanken wajen kan bijimin, hannuna a wuyansa. Inna ta biyo mu har bakin zaure tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da ta ce ba.

Hanyar Katagum ta bayan kasuwa take bi, don haka sai da muka wuce ta gefen tsohuwar mayanka. Awaki uku suna kwance a kan daɓen suna tuƙa. Na kawar da kai.

Awa ta farko ina jin numfashinsa a tafin hannuna, yana fita da gurnani, kowanne sai ka ce shi ne na ƙarshe, sai kuma wani ya biyo. Ina ƙirgawa a zuci kamar mai jan carbi. Rana ta take, ƙasa na tururi bayan ruwan da aka yi. Mutane suna shuka a gonaki, suna ɗagowa su yi mana sannu, wasu su girgiza kai su koma bakin aikinsu. Duk wanda ya girgiza kai sai in ji haushinsa.

Akwai wani rafi a kan hanyar, wanda ba ya kawo ruwa sai damina ta yi nisa. A lokacin yashi ne zalla. Muna tsakiyarsa ƙafar amalanke ta dama ta nutse. Shanun suka ja suka ja suka tsaya. Baffa ya koma gabansu ya kama igiyoyin hancinsu da hannu biyu, yana yi musu tsawa da Fulatanci, jikin shanun ya kare shi daga ganina. A daidai nan na lura hannuna ya daina jin komai. Wuyan da ke ta hawa da sauka ya tsaya cik.

Na san abin da ya kamata in yi. In taɓa idonsa in ga ko zai ƙifta, in kira Baffa ya bar shanu ya zo ya tsaya wajen wutsiya. Wannan duk bai fi ɗan lokacin da za a sha ruwa ba. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da ke kaina kawai shi ne kada ya riga ni. Na warware tsumma, na danne ƙahonsa da gwiwa, hanyar ta miƙe arewa don haka wuyansa gabas yake kallo, wannan kaɗai ya zo mini da sauƙi. Na yi bisimilla na yi kabbara na ja wuƙa.

Wuƙar ba ta gama fita ba shanun Baffa suka yunƙura gaba ɗaya, amalanke ta fizge daga cikin yashi ta yi tsalle. Na kifa a kan wuyan bijimin. Da na ɗago, na ga wutsiyarsa ta zamo daga kan cinya ta faɗa gefen katako, ta yi lilo sau biyu ta tsaya. Ƙafarsa ta baya ta miƙe kaɗan, amma igiyar da ta ɗaure ta ita ma ta yi sako-sako da girgizar. Jini yana kwarara a kan katako yana ɗiga cikin yashi, baƙi-baƙi, mai yawa. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf, amma ai a kan yankan na faɗa. Na zauna da wuƙa a hannu ina kallon wutsiyar nan, ina roƙon Allah ta sake motsawa ko sau ɗaya yanzu da amalanke ta daidaita. Ba ta sake ba.

Sai da muka haye rafin Baffa ya tsayar da shanu ya zagayo. Ya dubi jinin, ya dube ni.

"Ka yanka?"

"Na yanka."

"Ka same shi da rai?"

Na ce, "Na same shi."

Ya ce alhamdu lillahi. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi, don da na sami wanda zan yi wa faɗa. Ya karɓi wuƙar ya huda cikin, iska ta fita da ƙara, don kada nama ya lalace, ya saro ganye ya lulluɓe shi saboda rana da ƙuda. Muka ci gaba da tafiya. Ni kaina na yi mamakin yadda amsar nan ta fita daga bakina ba tare da ta tsaya ko'ina ba.

Mun isa mayankar Katagum gab da azahar, an gama aikin safe ana wanke daɓe. Mahauta suka taru a kan amalanken suna yaba ƙibarsa. Sarkin fawa, wani kakkauran mutum mai ƙaramar murya, ya ɗaga ganyen ya ga wuyan, sai fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Yankan hanya ne. Malam, ka yi haƙuri, mu nan ba ma taɓa abin da ba a yanka a gabanmu ba, sai in mai yankanmu ya yarda. A kira Baba Malam."

Yana zaune a inuwar wata bishiyar maina yana shirin alwala. Ya ƙara tsufa a kan yadda na san shi, ido ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane ni da murya, ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta. Sannan ya dafa kafaɗar wani mahauci ya zo bakin amalanke. Ya sa yatsu cikin yankan ya laluba a hankali, maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu.

Ya ce, "Yanka ya yi kyau. Wa ya tsaya maka?"

"Ba kowa, Allah gafarta Malam. Baffa yana wajen shanu."

"Jini ya yi tsartuwa?"

Na nuna masa gaban rigata.

Ya ce, "Ba rigarka na tambaya ba, ɗana. Kai na tambaya."

Na ce ban lura sosai ba, abin ya zo da gaggawa.

"To, ya motsa?"

Mahauta suka zuba mini ido. Na tuna gadon Inna da ƙasa ta rufe, da kwaryar ƙasarin da take ɗaukowa a ka daga gida zuwa gida, ita da ciwon gwiwa. Na tuna ni ne na ɗaga wa Baffa murya. In na ce ban sani ba, za a ja bijimin nan bayan gari a binne, in koma gida da amalanke wayam in tsaya a gabanta.

Na ce, "Ya kaɗa wutsiya. Sau biyu."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi."

Ban ambaci yashi ba, ban ambaci tsallen da amalanke ta yi ba. Baffa yana tsaye a gefe, shi ya san ta yi tsalle amma bai san a daidai lokacin na yanka ba. Baba Malam ya daɗe yana kallona da idonsa mai gani.

Ya ce, "Kai mai karatu ne, ka san abin da ake tambaya. Ni ban gani ba, Sarki bai gani ba, waɗanda za su saya ba su gani ba. Maganarka za su ci." Ya juya wajen Sarkin fawa. "A feɗe."

Aka sauke shi a kan daɓe. Ban taɓa ganin aiki mai sauri irin na mahautan nan ba, kafin a fito sallar azahar fata tana gefe a shanye. Malamin dabbobi ya zo ya tsaga hanta, ya duba huhu, ya ce nama lafiya lau. Na ji daɗin maganarsa na ɗan lokaci, sannan na tuna abin da ke damuna ba a hanta ake ganinsa ba. Sarkin fawa ya yi mini ciniki na mutunci, bai ci zarafina don na zo a matse ba. Bai kai abin da za a samu a Azare ba, amma zai yi kwano.

Da na tashi na tafi a lokacin da ya fi mini. Amma sai na zauna a kan wani dutse ina kallo. Mai tsire ya zo ya ɗebi tsoka. Masu faranti suka ɗora a ka suka bazu cikin gari. Wata tsohuwa mai tuwon sayarwa ta aiko a ba ta ƙashi da kitse. Wasu masunta da suka taso daga bakin kogi suka haɗa hannu suka sayi haƙarƙari, suna raha wai yau sun huta da ƙarni. Sai wani magidanci ya zo da murmushi har kunne, ya ce matarsa ta haihu, ƙafafun nan huɗu yake so na ƙauri. Mahauta suka yi masa barka, ni ma na yi masa. Ina kallo aka ɗaure masa su da igiya ya rataya a keke. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙafafun nan suna reto a jikin keken, kuma ban san sunan mutumin ba balle in neme shi.

Da za mu tafi Sarkin fawa ya naɗe hanta da wata tsoka mai kyau a takardar siminti, ya ce a kai wa Inna, ai mai kiwo ba ta rasa ɗanɗano. Mun iso gida kafin magariba. Na gaya mata bai kai ba, a hanya na yanka, amma an karɓa. Na miƙa mata abin da aka samu da ƙunshin naman. Ta yi godiya ga Allah, ta je ta tsaya a bakin turkensa na ɗan lokaci, sannan ta hura wuta.

Bayan sallah ta kawo tuwo da miya ta ajiye a tsakar gida, ta soya hantar daban ta turo mini a ɗan kwano, ta ce wanda ya sha rana shi ya fi cancanta. Ƙamshin ya buge ni, na janye hannuna. Na ce mata rana ta dake ni, cikina ba daɗi, zan sha kunu kawai. Ni da kowa ya san ba a ajiye hanta a gabana a tashi. Ta dube ni. Sannan ta jawo kwanon gabanta, ta yi bisimilla a fili, ta ci yanka ɗaya tana kallona. Sauran ta rufe.

An yi kwanon kafin ruwa ya kankama. Kafinta ya zo daga Katagum, kwana uku ya gama, mata suka yi ta shigowa ganin ɗaki. Duk Juma'ar da na zo a daminar nan aka yi ruwa, nakan kwanta a ɗakina ina jin ƙararsa a kan rufin Inna, in kasa gane ko daɗi nake ji ko tsoro. Na yi ta maimaita abin a kaina. Wata rana in tabbata wutsiyar ta ɗaga sama kafin ta faɗi, kuma amalanke ba ta ɗaga wutsiya sama. Wata rana in tabbata zamowa kawai ta yi. Da na yi ta juya shi sai ya goge, har na kasa rarrabe abin da na gani da abin da nake so in gani.

A Azare na tambayi malamai biyu, na ce wani mutum ne abin ya faru da shi. Dukansu abu ɗaya suka tambaye ni: shi mutumin me ya gani? Sau ɗaya na je Katagum takanas don in gaya wa Baba Malam. Na same shi a ƙarƙashin mainar nan, muka gaisa, muka yi maganar ruwa da farin da suka ɓata gero, na ba shi goro na tashi. Ban da ƙarfin halin da nake nunawa in ana gardama.

Wata bakwai bayan haka babbar sallah ta zo. Tun rasuwar mahaifinmu ni nake yanka wa Inna ragon layyarta, shekara tara ke nan ba fashi. Muka sauko daga idi, na cire babbar riga, na haƙa ramin jini a gindin katanga, na zauna ina wasa wuƙa a kan dutse. Ragon yana ɗaure, ta wanke shi tun jiya. Sai ta fito daga ɗakinta ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ajiye wuƙar nan. Na aika a kira Baffa."

Na ce, "Inna, ai ga ni."

"Na gan ka. In ya zo ka riƙe masa ƙafafu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba, ta juya ta koma ciki. Baffa ya shigo da sallama, ya ga wuƙa a hannuna, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube ni. Na miƙa masa ita ta wajen ƙota. Na durƙusa na riƙe ƙafafun ragon, kaina a ƙasa.

Inna ta ga babbar sallah shida bayan wannan. Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a hanyar Katagum ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba. Tana kirana Malam, tana ajiye mini furar da nake so, tana yi mini addu'a in zan koma Azare. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake barina na yanka mata ko kaza ba.